Motar lantarki, afdet ɗin da ba ya ƙarewa, da rikicin sigina a shataletale

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila kusa da Milton Keynes, wata biyar kenan da na karɓi motar lantarki. Maganar gaskiya tana da daɗin tuƙi kuma na huta da sayen mai, amma abu biyu na neman sa ni in mayar musu da kayarsu. Na farko ba ta da sandar sigina, wasu 'yan madannai ne a jikin sitiyari, in na shiga randabawul sitiyarin ya juya sai in rasa ina hagu ina dama, sau biyu ana danna min hon, maman yara ma ta ce ita ta haƙura da motar. Na biyu afdet, duk bayan 'yan makonni sai an turo, ka wayi gari abin da ka sani a nan ya koma can. Shin ni ne ban iya ba ko motar ce? Akwai afdet da zai gyara siginar? In kuma na ƙi yin afdet ɗin gaba ɗaya akwai matsala?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya alheri a motar, ya kuma tsare hanya. In na fahimce ka, abin da ke cinka shi ne kana da mota mai kyau amma hannunka ya kasa sabawa da ita, a randabawul, wato shataletale, abin dannawa yana gudu daga ƙarƙashin yatsanka, a gida kuma da daddare kamfani yana shiga ta afdet, wato sabunta manhajar motar ta intanet, ya sauya maka wurin kaya. To ni a ganina ciwo ɗaya ne ya fito maka a wuri biyu. Direba da hannu yake tuƙi, ido aikinsa kallon titi, duk ranar da ka ga kana neman abu da ido a cikin mota alhali tana tafiya to akwai inda aka samu matsala, ko daga kai ko daga wanda ya ƙera ta. A wannan karon kam mafi yawan laifin ba naka ba ne, sai dai akwai ɗan abin da za ka iya gyarawa ta ɓangarenka, zan zo kansa.

Ni asalina mai rewaya ne, na yi shekaru a gareji a Kaduna ina bin waya kafin in zo ƙasar nan, yanzu kuma koyar da tuƙi nake yi, saboda haka kullum ina zaune a kujerar gefe ina kallon hannun mutane a shataletale daga safe har yamma. Ni ba injiniyan manhaja ba ne, kuma ban zauna cikin motarka ba, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da na gani ne da abin da kowa ya sani a fili.

Me ya sa sai a shataletale

A mahaɗar titi ta kullum sigina ba ta da wahala, kana tafiya a miƙe sitiyari na tsaye, ka danna, ka rage gudu, ka sha kwana, shikenan. Shataletale ne kawai wurin da dole ka sauya sigina a daidai lokacin da sitiyari yake a murɗe, kuma a lokacin idonka yana da aiki uku, madubin tsakiya, madubin hagu, da mai keken da ƙila ya lallaɓo ta gefenka.

Ka tuna abin da littafin dokar hanya na ƙasar nan, Highway Code, ya ce a doka ta 186. In mafita ta farko za ka bi, ka sa siginar hagu tun kana tunkara ka bar ta har ka fita. In dama za ka ko za ka zagayo gaba ɗaya, ka sa ta dama, ka shiga ta layin dama, sai ka wuce mafitar da ke kafin taka sannan ka mayar da ita hagu. In miƙewa za ka yi ba sai ka sa komai ba wajen shiga, amma da ka wuce mafitar da ke kafin taka sai ka ba da hagu. Kaga kenan a biyu daga cikin ukun nan, dannawar tana zuwa ne a tsakiyar zagaye. Kuma tun 1966 doka ta ce wanda ke cikin da'irar shi ke da hanya, na waje ya jira, to mutumin da ke jira a bakin shiga siginarka yake karantawa ya san ko ya shigo ko ya tsaya. In ka bar ta dama tana ƙiftawa alhali fita za ka yi, ka ɓata masa lokaci ne kawai, shi ya sa yake maka hon. Wanda ya fi haɗari shi ne ka danna hagu bisa kuskure alhali kana ci gaba da zagaye, sai ya ɗauka ka fita ya shigo gabanka. Wannan na biyun shi nake jiye maka.

Sannan ka je ka zauna a garin da shataletale ya fi ɗari. Da a wani gari kake da ƙila sau biyu a rana abin zai dame ka, a Milton Keynes kuwa kafin ka kai yara makaranta ka ratsa goma.

Mu da muka koyi mota a gida akwai ƙarin kaya a kanmu. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, Nijar dama can haka take, saboda haka a gida zagayen ta ɗaya gefen ake yi, wajen fita kuma siginar dama ake bayarwa, ga wanda ya damu ya bayar kenan, don mun san yadda ake yi, wani ma fitilun biyu yake kunnawa wai alamar miƙewa zai yi. Ina da ɗalibai da suka shekara ashirin suna tuƙi a gida, a mota mai sandar sigina lafiyayya ma sai sun yi makonni hannunsu na ba da dama wajen fita. To ka ɗora wannan a kan madannin da ke yawo.

Sanda da madanni

Sandar sigina ta gargajiya a jikin wuyan sitiyari take, ba ta juyawa da shi. Ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe tana nan inda ka bar ta, ka miƙa ɗan yatsa ka taɓa. A ciki kuma akwai wani ɗan zobe mai ƙusumbi da ke juyawa da sitiyarin, in ka gama kwana ya dawo sai ya bugi wani ɗan harshe sandar ta koma tsakiya da wannan ƙarar ta "ƙas". Na ɓalle irin wannan ya fi a ƙirga, ƙarfe ne da roba da sifirin, babu tunani a cikinsa, shi ya sa yadda ya yi jiya haka zai yi gobe.

Ba ka faɗi sunan motarka ba, amma kamfanin da ya yi suna a wannan shi ne Tesla. A 2021 suka cire sandunan daga Model S da Model X, a 2023 kuma da suka sabunta Model 3 suka yi mata haka ita ma, aka mayar da sigina madannai biyu a ɓangaren hagu na sitiyari, na sama dama, na ƙasa hagu. In sitiyari na tsaye babu laifi ko kaɗan, har ma da daɗi. Ka murɗa shi rubu'in zagaye zuwa dama, madannan sun hau sama. Ka kai rabin zagaye, sun koma hannun dama kuma sun kife, wanda yake ƙasa ɗazu yanzu shi ne a sama. Ƙwaƙwalwa na iya lissafin nan, amma ba a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ba, ga babbar mota a gefe.

A Amurka inda aka zana motar yawancin mahaɗar tituna danja ce ko alamar tsayawa, shataletale bai yi yawa ba in ka kwatanta da nan ko Faransa, to wanda ya zana abin ba lallai ya ji a jikinsa ba. Turai ce ta yi kuka. A farkon 2024 labari ya fito cewa wasu makarantun koyon tuƙi a Norway sun ce ba za su koyar da ɗalibai da sabuwar Model 3 ba, kuma dalilinsu kenan, shataletale. Kuma Norway ba ƙasar da ke ƙin motar lantarki ba ce, a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sabbin motocin da aka saya a can na lantarki ne. Ita ma Euro NCAP, masu gwajin haɗari da ke ba motoci taurari, ta sanar cewa daga 2026 motar da ke son tauraro biyar sai a duba ko tana da abin taɓawa na zahiri don sigina, fitilar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa. Ba doka ba ce, amma babu kamfanin da ke son a ce motarsa tauraro huɗu ce. Sai ga shi sabuwar Model Y ta 2025 ta fito da sandarta, a watan Agustan 2025 kuma aka dawo wa Model 3 da ita a China, har da tayin a saka wa waɗanda suka riga suka saya a kan yuwan 2,499, kuɗin China. Wato ka biya a mayar maka da abin da aka cire. Volkswagen ma sun yarda cewa madannan shafawa da suka zuba a sitiyari ba su yi wa mutane ba, suka ce za su dawo da na gaske.

To amsar tambayarka ta biyu, babu afdet ɗin da zai tsiro maka da sanda. Abin da manhaja ke iya taɓawa shi ne lokacin da sigina za ta mutu da kanta. A motocin yanzu, har masu sandar ma, in ka taɓa ba wuta kake haɗawa kai tsaye zuwa ƙwan fitila ba, saƙo ne kake tura wa kwamfuta, ita ke kunnawa, ita ke yanke shawarar kashewa bisa yadda sitiyari ya juya, a wasu motocin har da abin da kyamara ta gani. Shi ya sa za ka ji wani na cewa bayan afdet siginarsa ta fara mutuwa tun yana shiga randabawul, saboda wajen shiga ana ɗan karkata hagu kafin a kwanta dama, kwamfuta ta ɗauka an gama. Wani kuma tasa ba ta mutuwa bayan ya fita. Ga kuma ƙasashe sun sha bamban, a Jamus misali ba a sa sigina wajen shiga shataletale, sai wajen fita kawai, a nan kuwa ana sawa tun daga nesa. Manhaja ɗaya ce ake son ta gamsar da kowa, dole wani ya ji ba daidai ba.

Abin da nake koya wa masu irin motarka

Wannan ne wurin da za ka iya taimakon kanka, kuma a nan ne na saɓa da yadda mu kanmu muke koyarwa. A ƙasar nan an saba koya wa ɗalibi ya riƙa zura sitiyari ta cikin hannunsa, hannu ɗaya ya ja ɗaya ya tura, hannayen suna nan gefe da gefe sitiyarin ne ke wucewa. Da sanda wannan ya dace ɗari bisa ɗari don hannun hagu kullum na kusa da ita. Da madanni kuwa shi ne ya fi komai muni, hannunka na wuri ɗaya madannin ya tafi yawonsa. Saboda haka a babban shataletale ka riƙe sitiyarin gefe da gefe, daidai inda tara da uku suke a agogo, kada ka saki, ka bar hannun ya tafi tare da shi. Babban yatsanka na hagu zai kasance a kan madannan duk inda suka je. Motocin nan sitiyarinsu ba ya son juyi da yawa, a manyan da'irori da ƙyar za ka wuce rubu'in zagaye, to riƙon nan ya ishe ka.

Sai dabara ta biyu, ka daina tunanin sama da ƙasa. Madannin kowane gefe yana ɓangaren da za ka murɗa sitiyarin ne in can za ka. Wato in ka ɗora yatsa tsakanin su biyun, ka tambayi kanka ta ina zan tura sitiyarin nan in hagu zan yi, madannin da ke ta wannan ɓangaren shi ne na hagu, ko sitiyarin a tsaye yake ko a kife. Ka zauna a mota a fake, ka murɗa, ka rufe ido, ka danna, ka buɗe ka duba. Minti goma kullum na mako guda. Na san abin kamar wasan yara, amma wata baiwar Allah da ta zo min da irin wannan motar tana cewa sayar da ita za ta yi, ranar farko a filin ajiye motoci muka ƙare ba mu hau titi ba, zuwa darasi na huɗu ta daina kallon sitiyari. Ban ce ta so abin ba, har yau tana mita, amma ta daina sunkuyar da kai a tsakiyar zagaye, ni kuma abin da nake nema kenan.

Ƙananan randabawul ɗin nan na fenti su ne masu wuya, nan kam dole ka saki hannu ka murɗa sosai. Littafin dokar da kansa ya yarda cewa a irinsu wuri kaɗan ne lokacin sigina ma kaɗan ne. Ka ba da siginar shiga da kyau tun sitiyari na tsaye, ka rage gudu sosai, in ta fita ba ta samu ba tare da ka ɗauke ido daga titi ba to ka bar ta. Gara babu sigina da siginar ƙarya.

Ka kuma shiga saitin motar ka duba ko akwai zaɓin kashe sigina da kanta, ka gwada kwana biyu da shi kwana biyu babu shi a hanyar da ka saba bi, ka zaɓi wanda ba ya ba ka mamaki. Sannan ka tambayi kamfanin ko suna saka sanda ga irin taka a nan da nawa. Akwai kuma na kasuwa da wasu ƙananan kamfanoni ke yi ana liƙawa, mutane da yawa sun sa suna yabawa, sai dai in za ka sa ka fara gaya wa masu inshorarka, don a nan duk abin da ka ƙara wa mota ba ka faɗa ba suna iya kafa hujja da shi ranar da ka zo neman haƙƙi. Game da maman yara kuwa kar ka matsa mata, in ta ce hankalinta bai kwanta ba gaskiyarta ce, in ana iya saka sandar a saka mata kawai a huta.

Kar ka manta da ɓangaren hukuma. Rashin sa sigina shi kaɗai ba a rubuta shi a matsayin laifi mai tara ba, amma in ya jawo wani ya taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, ana iya kama ka da tuƙin ganganci, mafi ƙarancinsa fam 100 da maki 3 a lasin. In kuma ba ka cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi a nan ba, maki 6 kawai ake jira a karɓe lasin ka koma farko. Ɗan sanda ba zai saurari zancen inda kamfani ya sa madanni ba.

Maganar afdet

Tesla ce ta fara yaɗa wannan salon tun 2012, mota na fake a gida manhaja ta sauko ta intanet kamar waya, yanzu kusan kowa na yi. Kuma kar mu yi masa rashin adalci, yana da amfani. A Disambar 2023 hukumar kula da lafiyar tituna ta Amurka ta sa aka yi gyara ga motocin Tesla sama da miliyan 2 kan tsarin Autopilot mai taya direba tuƙi, yawanci ta afdet aka yi, ba wanda ya je layi a gareji. Ni da na san wahalar a kira mota ɗari a kwance dashbod ɗaya bayan ɗaya, na san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sarrafa zafin batir, saurin caji, lissafin nisan da ya rage, duk ana inganta su ta nan.

Amma kukan masu motoci ma ba na banza ba ne, kuma ba kamfani ɗaya ba. A Disambar 2021 Tesla ta turo babban sauyin allo da ake kira V11, abubuwan da mutum ke taɓawa sau ɗaya kamar ɗumama kujera da goge raɓar gilashi suka shige cikin wani shafi, a tsakiyar hunturu fa, aka yi ta surutu har suka dawo da damar mutum ya jera abin da yake so a ƙasan allo. A 2019 wani afdet ya rage wa wasu tsofaffin Model S ƙarfin batir, maganar ta kai kotu, a Amurka kamfanin ya amince ya biya mutum 1,743 dala 625 kowanne. A Nuwambar 2023 Rivian, wani kamfanin motocin lantarki na Amurka, ta tura fayil ɗin da ba shi ba, allon wasu motoci ya mutu, suka fito suka ba da haƙuri. Volkswagen ID.3 kuwa a 2020 ta iso hannun masu ita da wasu abubuwan ba su fara aiki ba, aka ce su jira manhaja. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi a harkar gaba ɗaya, tunda an san ana iya gyarawa daga baya sai a sayar maka da abin da bai nuna ba. Haka aka yi lokacin da Tesla ta cire na'urorin auna tazara na jikin bamba a ƙarshen 2022, masu sabbin motoci suka yi watanni ba abin da ke musu ƙara in suna fakin kafin a turo na kyamara.

Wani abin kuma ba son ran kamfani ba ne, doka ce. Daga Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin motoci na'urar da ke gargaɗi in ka wuce gudun da aka ƙayyade, kuma ko ka kashe ta, da ka sake tayar da mota za ta dawo. Motocin da ake kawowa nan yawanci da ita suke zuwa. To in ka ga wani ƙara da ba ka iya kashewa dindindin, ƙila daga nan ne.

Ni ma ya taɓa cina. Motar da nake koyarwa da ita, ba zan kama suna ba, na bar ta ta yi afdet da daddare, da safe na ɗauki ɗalibi ashe saitin birkin nan da ke kama mota in ka ɗaga ƙafa daga totur ya koma yadda ya zo daga kamfani. Yaron ya saba in ya ɗaga ƙafa mota ta rage da kanta, muka tunkari shataletale ya ɗaga, mota ta ci gaba da sulalewa, sai da na taka nawa birkin. Ba a yi komai ba Alhamdulillah, amma daga ranar na sa wa kaina doka, ba na barin afdet ya shiga daren da zan yi aiki da sassafe, kuma in ya shiga ni ke fara zagaya unguwa ni kaɗai kafin kowa ya zauna a kujerar.

To ka ƙi yi gaba ɗaya? Ban ba ka wannan shawarar ba. Gyaran da ya shafi lafiyarka ta nan yake zuwa, kuma in wani abu ya lalace ka je garanti abin da za su fara dubawa kenan, wace manhaja ke kai, su ce sai ka sabunta tukuna. Abin da za ka yi shi ne ka daina zama na farko. Wasu motocin suna da zaɓi tsakanin karɓa da wuri da karɓa daidai da kowa, ka zaɓi na biyun. In ya zo ka bar shi mako ɗaya ko biyu, ka ji abin da masu irin motarka ke cewa, sai dai in an rubuta cewa gyaran haɗari ne, wannan kam a yi shi a ranar. Ka sani in ya shiga ya shiga, ba a komawa na baya, kuma yayin da yake shiga motar ba ta motsi, wani minti ashirin wani ya fi awa, saboda haka ba daren tafiya filin jirgi ba, ba lokacin da ake jiran haihuwa a gida ba. Ka yi shi a gida inda intanet ɗin waifai (Wi-Fi) ke da ƙarfi, da caji mai ɗan yawa a batir. Kafin ka danna ka ɗauki hoton shafukan saitinka da waya, bayan ya gama ka karanta bayanin da suka rubuto, na san ba mai karantawa, ka daure, sannan ka nemo waifa, goge raɓa, fitilar hazo da fitilar haɗari tun motar na tsaye. Kuma ka gaya wa maman yara me ya sauya, don wanda bai san an yi afdet ba shi abin ya fi kamawa.

Sai ka raba abu biyu, abin da ba ka so da abin da ya lalace. Rashin sanda ba lalacewa ba ce a idon doka, haka ka gan ta ka saya. Amma in madannin ne kake dannawa wani lokaci ya ƙi kamawa, ko sigina na mutuwa a inda bai kamata ba, ko allo na ɗaukewa ana tafiya, wannan matsala ce ta gaske. Ka sa wani ya ɗauki bidiyo daga kujerar gefe, ka rubuta rana da lambar manhajar, ka kai ƙorafi a rubuce ba ta baki ba. Dokar kare mai saye ta 2015 ta ce in matsala ta bayyana cikin wata 6 na farko ana ɗauka da ita aka sayar maka, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne, kai kuma ka ce wata biyar kenan, to kar ka yi sanya. Wannan in daga dila ka saya, in kuwa ta hanyar kamfanin bashi ko haya ka karɓa su ma ka rubuta musu. In abin ya shafi haɗari kana iya kai rahoto ga DVSA, hukumar kula da ingancin motoci da direbobi ta nan, suna da sashen da ke karɓar irin wannan. Ni dai ba lauya ba ne, in ta kai ga mayar da mota ka nemi masu ba da shawarar doka su duba takardunka.

Ga 'yan uwa na gida da ke karanta wannan suna shirin shigo da motar lantarki daga China ko Amurka, taku damuwar ta sha bamban da tasa, shi yana kukan afdet ya yi yawa, ku kuma ƙila ba zai zo muku ba sam, don motar an ɗaure ta da ƙasar da aka yi ta dominta, wata ma allon da Sinanci zai zo. Ku tambayi mai kawowa wa zai riƙa sabunta ta kafin ku biya. Masu motar Fisker sun ga haka da kamfanin ya karye a 2024, mota na nan lafiya a ƙofar gida amma mai turo gyaran babu shi.

Kai kuma ƙanina, ranar Lahadi da sassafe kafin titi ya cika, ka zaɓi babban randabawul ɗaya kusa da gida ka yi ta shiga kana bin mafita ta uku, hannu a tara da uku, sau goma sha biyar ko ashirin. In bayan mako biyu har yanzu kana sunkuyawa neman madanni, kira su ka tambayi kuɗin sandar.